Ranar Da Aka Yi Wa Jikana Kwalli Da Kayan Nukiliya

Akwai wata safiya a gidan nan da ba zan manta da ita ba har ƙasa ta rufe idona. Ni ba mai yawan labari ba ce, duk wanda ya san ni ya san haka, kuma ban taɓa zama a aji ba, faɗa nake ana rubutawa. Amma wannan na ce sai an rubuta shi, don yanzu in na ji mata suna ba da shi a gidan biki, sun yi masa ƙafa da hannu, har da wai hayaƙi ya tashi daga ɗakina. Babu hayaƙin da ya tashi. Ga yadda aka yi.

Ina da 'yar fari, wadda ba na kama sunanta. Mutanen gari Injiniya suke ce mata. Tun tana ƙarama Malam, mahaifinta, ya tsaya mata a kan karatu, ni kuma na tsaya a kan kada karatun ya hana ta iya tuƙa tuwo. Karatu ya kai ta Kano, daga Kano ya kai ta ƙasar waje, can inda aka ce ƙanƙara tana sauka kamar audugar rimi. A can suke zaune da mijinta, ɗan Ɗanbatta, shi ma karatu ne ya kai shi. Aikinta, yadda aka gaya mini, a wajen masu ƙera injin nukiliya ne, na ba da wutar lantarki. Ni kuwa nukiliya a rediyo kaɗai na san ta, kuma duk sanda aka ambace ta maganar bam ake yi, da garin da ya ƙone ƙurmus, da 'ya'yan da aka haifa ba daidai ba. Na haɗiye wannan a cikina shekara da shekaru. Uwa ba ta tsare 'yar fari da tambaya.

Da ta samu cikin fari sai ta zo gida goyon ciki, tun bai tsufa sosai ba. Wata la'asar ina sheƙar gero a tsakar gida, ita da Malam suna gindin darbejiya, na ga ta fito da wani dunƙule daga jaka ta miƙa masa. Baƙi ne mai ɗan ƙyalli, bai kai goruba girma ba, sumul kamar an lashe shi. Ban ɗaga kai ba, amma kunnena yana can. Na ji ta ce, "Baba, irin wannan ake zubawa da yawa a cikin injin, su ne suke ba da zafin." Daidai nan akuyar maƙwabta ta faɗa cikin gyaɗar da na shanya a ƙofar gida, na bi ta da kara. Kafin in dawo sun wuce maganar, suna maganar taki. Abin da na ji kenan, shi na riƙe. Daga baya na ga dunƙulen a cikin wani ɗan kwano a kan akwatinta, kuma duk sanda na shiga shara sai in kewaye shi.

Ta haihu a asibiti, namiji, lafiya lau. Kaka ce, an yanke gero, dammuna jingine a kowace danga. Muka dawo gida aka ɗora tukunyar wankan jego.

Ana saura 'yan kwanaki suna sai ga uwar mijinta daga Ɗanbatta. Hajiya mace ce mai jiki, mai murya, mai kyauta. Ta zo da itace cike da mota, da ƙafar sa, da kayan yaji, da atamfofi har da tawa. Ba zan ce muguwa ce ba, don ba ita ba ce. Mace ce da ta saba in ta faɗi magana a yi. Tana karɓar yaron ta duba fuskarsa, ta ce, "Af, ya na ga idon fari fat kamar ɗan kyanwa? Ina kwalli?" Ta zura hannu a jaka za ta ciro tandunta. Yarinyar, wato mai jegon, ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce don Allah Hajiya ta yi haƙuri, likitoci sun ce yawancin kwallin nan akwai dalma a cikinsa, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Hajiya ta mai da tandun a hankali, ta ce, "To. Mijin naki da shi na raine shi, ga shi har ƙasar waje ƙwaƙwalwar ta kai shi."

Bayan azahar ta same ni a ɗakina ta ja labule. Ta ce, "Inna, ni ba faɗa na zo yi ba. Amma jikana ba zai je inda ake dafa guba ba. Ta zauna nan ko Ɗanbatta ta shayar da shi har yaye. Aikin in ya jira ta, to. In bai jira ba, Allah ya ba ta wani. Na gaya wa ɗana a waya, bai ce mini komai ba."

Na san hutun da aka ba yarinyar kaɗan ne, in ta wuce shi wani za a ba gurbinta. Na kuma san abin da ta sha kafin ta kai wurin, don ni na riƙa ganin ta tana karatu a bakin murhu hayaƙi yana cin idonta. Amma abin da na ce shi ne, "Hajiya, ai taku ce. Yadda kuka yanke haka za a yi." Abin da uwar 'yar fari za ta faɗa wa surukai kenan, ba ta da wani. Kuma in za a bi gaskiya, rabin zuciyata tana bayan Hajiya, don ni ma tsoron abin nake. Ɗakina da na yarinyar bango ɗaya ne ya raba su. Da na ga idon yarinyar da yamma na san ta ji komai.

Washegari da hantsi ina bayan ɗaki ina tura itace a ƙarƙashin babbar tukunya. Gwaggo, tsohuwar ungozomar unguwarmu, tana makewayi da mai jego, tana tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mata. Yaron yana ɗaki a hannun Hajiya. Gwaggo ta ƙwala mini kira in kawo busasshen zani, na shiga ɗauka.

Hajiya tana zaune a bakin gado fuskarta wasai. Ta ce, "Zo ki gani, Inna. Yanzu ya zama mutum."

Na leƙa. Idon yaron an zagaye shi da baƙi, har da ɗan layi a gira. Na ce a raina, ta dai yi abin da ta so. Sai ta buɗe tafin hannunta tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Ashe tana da nata na ƙasar waje ta ajiye, namu ne ba ta so. Ki ji laushi! A gindin faranti kawai na goga shi, ko niƙa bai sha ba."

Dunƙulen ne. Gefe ɗaya ya shafe inda ta goga, yatsunta duk sun yi baƙi.

Na taɓa ganin wuta ta kama rumbunmu, na taɓa riƙe yaro yana shure-shuren mutuwa, amma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na dafa bango. Na rage murya don kada a ji a waje, na ce, "Hajiya, wannan ba kwalli ba ne."

"To mene ne?"

"Abin injinsu ne. Shi ne yake ba da zafin. Da kunnena na ji tana gaya wa Malam."

Ta dube ni, ta dubi hannunta, ta dubi yaron. Dunƙulen ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado. Wani irin salati ta saki, ba da murya ba, kamar wadda aka shaƙe. Gwaggo kuwa da ta gaji da jiran zani ta biyo ni, tana bakin ƙofa ta ji ƙarshen maganar. Ita ba ta san rage murya ba tun tana budurwa. Ta juya tsakar gida ta ɗora hannu a ka: "Jama'a ku kawo ɗauki! An sa wa jariri nukiliya a ido!"

Gidajenmu a nan danga ce kawai tsakaninsu, in ka yi tari maƙwabci ya ce sannu. Kafin in fito daga ɗaki tsakar gida ta cika. Wata ta ce a tatsa masa nono a idon. Wata ta ce man shanu. Wata ta ce a aika wa liman ya yi rubutu. Matar ƙanin Malam ta kwashi 'ya'yanta ta yi gona da gudu, ɗankwali a hannu. Wata kuma, mai dabara, ta ce a ɗauko abin da muciya a jefa shi rijiya ya huce. Nan na samu muryata. Na ce, "Duk wadda ta doshi rijiyata, ni da ita." Suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa, kowa tana son gani, ba mai son shiga.

Da na waiwaya sai na ga abin da har yau in na tuna shi idona yake kawo ruwa. Hajiya, da zobban zinarinta da girmanta, ta sauko ƙasa dirshan, ta rungume yaron, ta sa harshe tana lashe baƙin daga idonsa, yadda ake cire wa yaro ƙasa in ta faɗa masa. Tana lasa tana haɗiyewa, ba ta tofarwa. Na ce, "Hajiya, ki bari!" Ta ce, "In guba ce ta kashe ni. Ni na sa masa. Ni ta kashe." Yaron yana tsala kuka, leɓenta ya yi baƙi ƙirin.

Sai ga mai jego, ɗaurin ƙirji, jikinta yana tururi, tana tafe a hankali tana dafa bango. Matan suka dare. Na zaci za ta kurma ihu, don ni da ni ce da na yi. Ta tsaya ta dubi ɗakin gaba ɗaya, farantin, tsinken kwallin, kwanon da babu komai, bakin Hajiya. Sannan ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ku ba ni shi." Hajiya ta ƙanƙame. "Ku ba ni shi, don Allah. Ba abin da zai same shi." Ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba, ta ce, "Inna, ruwan shan da kika tafasa, wanda ya huce. Da sabulu."

Ta wanke hannunta tas. Ta kwantar da shi a cinya ta karkata kansa, ta riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan daga wajen hanci yana gangarewa, ta gama da wannan ido ta koma wancan. Tana yi tana tambaya, muryarta kamar mai tambayar kuɗin albasa. "Hajiya, da shi kaɗai kuka sa? Ba ku haɗa da na tandunku ba?"

"Wallahi shi kaɗai."

"Farantin wankakke ne?"

"Wankakke ne."

Ta sauke numfashi ta ce, "Alhamdulillahi."

Matan suka dubi juna. An sa wa ɗanta nukiliya tana hamdala.

Da yaron ya kama nono ya yi shiru, sai ta ce a miƙo mata abin daga ƙarƙashin gado. Ba wadda ta motsa. Ni na sa tsintsiya na turo shi. Ta ɗauka da hannunta tsirara, matan suka ja baya har wata ta taka kaza. Ta miƙa hannu ta ja shi a jikin bango, ya bar layi baƙi mai ƙyalli. Ta ce, "Kun san baƙin abin nan na cikin fensir? Shi ne wannan, ba wani ba. Fanko ne, na nunawa ne kawai, ko kusa da injin bai taɓa zuwa ba. Na gaskiyar akwai 'yan ƙwayoyi a cikinsa kamar riɗi, su ne masu zafin. Shi na gaskiyar ba a barin kowa ya taɓa shi, balle ya sa a jaka ya hau jirgi."

Gwaggo ta ce, "Fensir? Na 'yan makaranta?"

"Shi, Gwaggo."

Wata daga baya ta ce, "To ai ni nawa ɗan cinye su yake kamar rake, ga shi nan ƙato, sai dai daƙiƙanci." Dariya ta ɓarke, irin ta mutanen da suka tsorata suka dawo.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Tana nan zaune a ƙasa. Ta ce, "Rufa mini asiri kike yi. Na san irinku masu kunya. Sai ya makance ku ce daga Allah ne."

Yarinyar ta ce, "To kada ku tsaya a bakina ni kaɗai. Mu je asibiti a duba shi. Ko ƙura ce ta shiga idon jariri ya kamata a duba."

Gwaggo ta yi tsalle ta dire, wai ina aka taɓa ganin mai jego ta fita kafin suna, iska za ta shige ta. Ban dubi kowa ba, na ce da bango, "A ɗauko mayafi." Malam ya samo mai a-daidaita-sahu, muka shiga mu uku da jariri, muka kama hanyar Ɗanbatta ta tsakiyar gonaki. Duk ramin da muka faɗa sai na ga yarinyar ta cije leɓe, ɗanyen jiki ne.

A asibitin akwai layi. Muka zauna a benci, yarinyar a tsakiya. Can sai Hajiya, idonta a kan yatsunta, ta ce, "Wai me kuke yi ne a wurin nan?" Tambayar da na yi shekaru ina riƙe da ita kenan. Na juya kai kamar ina kallon wata mai tallan awara, na buɗe kunne.

Yarinyar ta ce injin kamar babbar tukunyar ƙarfe ce. A cika ta da irin dunƙulen nan, na gaskiya, su yi ta fid da zafi ba itace ba gawayi. Sai a narka wani gishiri, ba irin na miya ba, ya zama kamar ruwa, ya riƙa ratsawa tsakaninsu yana kwashe zafin, ya kai shi inda za a tafasa ruwa, tururin ya juya injin wuta.

Hajiya ta ce, "Gishiri yana narkewa a wuta?"

"In zafin ya kai. Ya wuce wanda yake narka dalma nesa ba kusa ba. Wahalarsa ita ce, in ya huce sai ya daskare ya toshe bututu, in kuma zafi ya yi yawa ƙarfen ya gaji. Nawa aikin shi ne abin da zai riƙe shi a tsakiya. Akwai na'urori masu jin zafi, akwai masu jin gudun gishirin, suna gaya wa kwamfuta. Ita kuma tana da wasu sanduna da take zurawa a cikin tukunyar. In suka shiga sai wutar ta lafa, kamar an janye itace daga murhu. Ni nake rubuta mata yaushe za ta zura, yaushe za ta zare."

"In na'urar ta yi ƙarya fa? Ni na'urar awon jinina kullum ƙarya take mini."

"Shi ya sa ba ɗaya ake sawa ba. Da yawa ne a wuri guda. In bakin biyu ya zo ɗaya cewa akwai matsala, kashewa ake yi nan take, ba a jiran shawarar kowa. Sai an kashe sannan a zauna a bincika."

"In an ɗauke wuta fa?"

"Sandunan kashewar a rataye suke a sama, wutar lantarki ce take riƙe da su. Tana ɗaukewa za su faɗo da kansu."

Hajiya ta ɗan yi tsaki ta ce, "Mu nan in an ɗauke, zoɓona ne yake lalacewa a firij." Na ga bakinta ya so ya yi murmushi ya fasa. Sannan ta yi tambayar da take cin ta tun daga gida: "To in mai aikin ne ya yi kuskure? Ba mugu ba. Mutum da zuciya ɗaya, ya ɗauka alheri yake yi."

Yarinyar ta gyara wa yaron hula. Ta ce, "Wannan shi ne rabin aikina, Hajiya. Zama muke yi mu ce, ga mutumin kirki, ya gaji, ko ya ga abu ya yi kama da wani abu, ya taɓa inda bai kamata ba. Me zai faru? Sai mu yi ta gyara har ya zama kuskurensa ba ya kisa. Don mun san sai ya yi shi, ko yau ko gobe. Ba mutumin da ba ya yi."

"Kenan babu haɗari?"

"Akwai. Ba zan yi muku ƙarya ba. Da babu, da ba a neme ni ba. Amma inda nake yanzu ɗakin gwaji ne, da lantarki muke narka gishirin, dunƙulen duka fanko ne irin na gida. Ko ranar da aka kunna na gaskiya, ba wurin zuwan yara ba ne, gidanmu yana nesa."

Aka kira mu. Malamar asibitin wata 'yar siririya ce mai kaifin baki. Ta haska idon yaron da 'yar fitila, ta buɗe wannan ta buɗe wancan, ta ce ya ɗan yi ja kaɗan saboda gugar da ya sha, amma ba komai, ta rubuta maganin ɗigawa, ta ce a dawo in ya kumbura. Sannan ta ɗora hannu a ƙugu ta ce, "To wa ya sa masa? Kullum muna faɗa muku!"

Hajiya ta buɗe baki. Yarinyar ta riga ta. "Ni ce na ajiye abu a kusa da hoda da man jariri, alhali ya yi kama da kwalli sak. Duk wadda ta gan shi a wurin haka za ta ɗauka."

Malamar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke da na ga alamar kin yi karatu?" Ta wanke ta tas, yarinyar tana cewa, "Haka ne. Na gode."

Na ɗauka kara ce take yi wa uwar miji, irin wadda muka koya musu, har na ji daɗi a raina cewa tarbiyya ba ta zube a jirgi ba. Sai da muka dawo gida na gane ba kara ba ce kaɗai. Ko zama ba ta yi ba, ta ɗauki dunƙulen ta kai wa Malam ya kulle a akwatinsa, ta dawo ta bi ɗakin da kallo, ta kwashe ƙwayoyin maganinta daga kusa da inda yaran gida suke wasa, ta raba kwalbar maganin cibiya da ta ɗigawar ido, ɗaya a kan akwati ɗaya a taga. Da gaske take ganin gyaran nata ne. A wurinta Hajiya ba ta cikin lissafin ma.

Aka yi suna lafiya. Idon yaron ya washe tun kafin ranar. Hajiya ta yi hidima kamar kullum, sai dai muryarta ta ragu, kuma maganar zama ko tafiya ba ta sake tayar da ita ba, ba ta kuma janye ta ba. Ta koma Ɗanbatta ta bar mu a haka. Kwanakin nan sun yi mini tsawo. Ina ganin yarinyar tana ninke kayan jariri tana warwarewa, ba ta san ko a akwatin tafiya za ta sa su ba ko a kwaba. Ni kuma ba ni da bakin tambaya.

Ana gab da arba'in, da rana tsaka, sai ga motar Ɗanbatta. Hajiya ba ta shiga wajen mai jego ba, ɗakina ta nufo da wani ƙunshi. Ta kwance shi a kan tabarma. Bargo ne mai kauri, da rigunan sanyi na saƙa, da huluna da safa, wasu na yanzu, wasu sai ya yi wata da watanni kafin su yi masa. Ta ce, "An ce sanyin can yana fasa leɓe. Ban sani ba ko waɗannan za su isa." Ta yi ta shafa bargon ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Ki gaya wa 'yarki ta shirya."

Na ce, "Ni ina da 'ya ne, Hajiya? Taku ce. Ku gaya mata da kanku."

Ta ce, "Ke dai Inna ba kya canzawa." Ta tashi da ƙyar, ta ɗauki bargon ta fita. Ina jin ta ta bango tana sallama a ɗakin, ina jin yarinyar ta amsa. Sauran ban saurara ba, na fita na ba awaki ruwa.

Ni mace ce mai sa ido, haka Allah ya yi ni. Duk rayuwata in abu ya ɓaci a gidan nan, tambayata ta farko ita ce wa ya yi, kuma ina gano shi, kuma yana jin jiki. Ranar kwallin nan ta nuna mini cewa wanda zai yi maka ɓarnar da ta fi ciwo sau da yawa ba maƙiyi ba ne, mai ƙaunarka ne da ya zo taimako, kuma tsawa ba ta hana shi, don bai san kuskure yake yi ba. Abin da yake hanawa shi ne ka riga shi, ka gyara wurin tun bai iso ba. Tun daga lokacin na hana Malam zuba maganin feshi a robar lemo, na sa aka yi wa rijiya murfi mai nauyin da yaro ba zai ɗaga ba, maganin ƙwarin wake kuma ya bar kusa da gari ya koma saman rumbu. Har yanzu ina faɗa, ban daina ba. Amma yanzu in abu ya faru, kafin in tambayi wa ya yi, sai na fara tambayar kaina wa ya bar shi a inda za a yi.